A bar yaranmu su kwaikwayi Rolex, amma su sa nasu sunan a jiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, don Allah ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi albarkacin bakina kan wani abu da na san mutane da yawa za su ce ai bai kai a rubuto wa jarida ba, amma ni a wurina ya kai har ya wuce. Maganar yaran nan ce masu haɗa agogon hannu da kansu a gida, su kalli hoton Rolex ko Patek Philippe ko Richard Mille ɗin nan da mawaƙa da 'yan ƙwallo ke ɗaurawa, su samo gwangwani da kwali da guntun fayif su zauna a zaure su fitar da abu mai kama da shi. Mutane sun kasu a kansu, wasu na cewa aikin banza ne da ɓata lokaci, wasu na cewa koyon jabu ne tun da ƙuruciya, to ni duka biyun ban yarda ba, sannan akwai kashi na uku waɗanda su ne ma suka fi tayar min da hankali, zan zo kansu in sha Allahu.

Ni mai gyaran agogo ne a nan Zariya, a Sabon Gari nake da ɗan teburina mai gilashi, kuma sana'ar gado ce. Na tashi na tarar da zamanin agogon wani, wanda in ba ka murɗa mishi kai da safe ba zai tsaya maka kafin gobe, na ga zamanin da Alhaji in ya dawo daga Makka sai ka gan shi da Rado ko Seiko 5 ko Orient yana ɗaga hannun riga, na ga shigowar Casio na roba mai lamba, har aka zo yanzu da waya ta cinye kasuwar, kowa in zai duba lokaci aljihu yake sa hannu, aikinmu ya koma canza batir da rage tsawon sarƙa. Samari sun daina zuwa koyo. Sabida haka in na ga yaro da kanshi ba wanda ya tura shi yana sha'awar sanin me ke cikin agogo, wallahi ba ƙaramin daɗi nake ji ba, kuma ba zan iya yin shiru ana kashe mishi gwiwa ba.

Akwai wani yaro ɗan sakandare daga cikin gari, ta wajen Ƙofar Doka, da ke zuwa wurina sayen matattun agoguna, waɗanda gilashi ya fashe ko sarƙa ta tsinke amma inji na da rai. Bara in gaya wa masu karatu yadda yake aikin nan, don mai cewa wasa ne ya ji da kunnenshi.

Wanda ya kwaikwaya shi ne Rolex Submariner, baƙin nan na masu ninƙaya da kamfanin ya fara fitarwa a 1953. Jikin agogon da fayif ɗin ruwa na roba ya yi shi, irin guntayen da masu aikin famfo ke yarwa, ya zaɓi mai faɗin kusan milimita 40 sabida na ainihin faɗinshi kenan a da, na yanzu ne ya koma 41, ya yanko zobe da guntun zarton ƙarfe ya goge shi a kan samfefa har bakin ya kwanta daidai ba tudu ba kwari. Kunnuwan nan huɗu da ake maƙala sarƙa a jiki daga tsohon cokalin alminiyam ya yanko su, ya gyara su da magagari ɗaya bayan ɗaya. Sai ya farke gwangwanin lemo ya juyo cikin waje tunda nan ne mai launin azurfa, ya lulluɓe robar da shi, ya goge da toka da makilin da tsumma har yana ɗaukar ido. Baƙin zoben da ya kewaye gilashi kuma daga baƙar jarka ya fito, ya rubuta 10, 20, 30, 40, 50 da ɗan alwatikan nan na sama da bakin allura yana tsomawa a farin fenti, kuma ya bi gefen zoben da magagari ya yi mishi haƙora-haƙora kaman na gaske.

Fuskar agogon ita ce ta fi ba shi wahala kuma ita ce ta fi koya mishi abu. Da farko da kwali ya yi, sai hannuwan agogon suka ƙi zama, ya kawo min yana tambaya ko injin ne ya lalace, na nuna mishi cewa ɗan tsinken da ke fitowa daga tsakiyar inji gajere ne ƙwarai, fuskar agogo kaurinta bai kai rabin milimita ba, wajen 0.4 ne, in ta wuce haka to ba inda hannu zai kama. Ya koma ya samo marfin gwangwanin madara ya daddale shi da guduma a kan katako ya rage kaurin da samfefa. Sai maganar rabon lambobi. Da'ira digiri 360 ce, minti 60 ne a fuskar agogo, kenan tsakanin kowane minti da na kusa da shi digiri 6, tsakanin awa da awa digiri 30, in ka kuskure ko da kaɗan ne ido zai gani, dogon hannu zai tsaya a kan sha biyu amma alamar tana gefe. Yaron nan ya zauna da kamfas da rula da ɗan ma'aunin kwanan nan mai rabin wata na cikin gwangwanin lissafi, abun da ya ce min a aji bai taɓa gane amfaninshi ba, ya raba fuskar nan tsaf. Alamomin awa, ɗige-ɗigen nan masu zagaye, daga takardar magani mai sheƙi ya hudo su da bakin ƙarfen wani tsohon biro, ya ɗauko kowanne da hantsaki ya ɗora a mazauninshi yana riƙe numfashi don kar iska ta ɗauke. Ni kuma na koya mishi jerin sa hannuwa, gajeren na awa tukunna, sai dogon na minti, sai siririn na sakan a ƙarshe, dukansu suna kallon sha biyu, kuma kar ɗaya ya taɓa ɗaya in ba haka ba agogo zai tsaya cak ko batir sabo ne.

Abun da ya fi burge ni shi ne ɗan kumburin gilashin nan da ke kan kwanan wata a wajen ƙarfe uku, wanda a Rolex na ainihi yake ƙara girman lambar ninki biyu da rabi. Ba wanda ya gaya mishi, shi ya lura cewa ɗigon ruwa in ya zauna a kan rubutu yana ƙara mishi girma, sai ya haɗa gam ɗin nan mai ruwa biyu, farin garau ɗin, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi ya kife kofi a kai don ƙura har ya bushe. Na sa gilashin idona na duba, wallahi Malam Edita lambar ta ƙara girma. Sarƙar kuma kowace gaɓa sai da ya naɗe alminiyam a jikin sifokin keke, gida uku a kowane layi kaman yadda ta ainihin take, ya lanƙwashe bakin ciki don kar ya yanki fata.

Ba wai aikin ba shi da matsala ba ne, yana da ita, kuma na faɗa mishi. Sufa gulu in ka sa shi kusa da gilashi tururinshi na barin wani farin hazo da ba ya goguwa da sauƙi. Ƙurar hunturu na shiga ta ko'ina. Ruwa kuwa ba a magana, in ka manta ka yi alwala da shi a hannu shikenan sai a nemi wani inji. Nan ne na ba shi labarin cewa su ma masu abun ruwa da ƙura ne suka fi damunsu a farko, sai a 1926 Rolex ta fitar da Oyster wanda bayanshi da kan saitinshi duk murɗawa ake yi su rufe gam, a 1927 wata Baturiya Mercedes Gleitze ta shiga da shi tekun da ya raba Ingila da Faransa ta yi sama da awa 10 a ruwa aka fito yana aiki, Submariner na yanzu kuma an rubuta mishi a fuska cewa yana jure zurfin ruwa mita 300. Ka ga yaron nan tun daga ranar tunaninshi ya koma kan yadda zai yanko zoben roba daga tsohon tib ɗin babur ya toshe bayan nashi. Wannan shi ne ake ce wa aikin banza?

Mu da muke manya yanzu ai mun yi irin namu. Waye bai ciji hannunshi ba don shatin haƙora ya fito ya ce ya ɗaura agogo, ko ya zana da biro har da madauri, waye bai yi gilashin ido da karan dawa ba, ko motar kara da motar langa-langa mai sitiyari dogo? Bambancin kawai su yanzu suna da waya suna ganin hoton abun a kusa-kusa, sun fi mu kayan aiki kuma sun fi mu buri. Kuma a garin nan namu da aka san shi da ɗinkin hannu, wa ya taɓa fara ɗinkin babbar riga da zanen kanshi? Yaro zama yake a gaban maigidanshi a zaure ya kwaikwayi aska biyu, ya kwaikwayi aska takwas, ya ɓata ya warware ya sake, sai hannu ya faɗa tukunna ya fara sa nashi salon, ba wanda ya taɓa ce wa wannan sata.

Su kansu waɗanda duniya ke ji da su a harkar agogo ba daga sama suka faɗo ba. John Harrison na Ingila, wanda agogonshi ya taimaka wa matuƙan jirgin ruwa gane inda suke a tsakiyar teku, kafinta ne ɗan kafinta, ba wanda ya sa shi a makarantar agogo, na farkon da ya yi a 1713 kusan duk kayan cikinshi na katako ne. Seiko ɗin da muke ji da ita, Kintaro Hattori shagon saida agogo da gyara ya buɗe a Tokiyo a 1881, irin aikina kenan, sai a 1892 ya kafa masana'anta, a 1913 suka yi agogon hannu na farko, a ƙarshen 1969 suka fito da Astron, agogon hannu mai batir da dutsen kwaz na farko da aka sa a kasuwa, abun da ya girgiza kamfanonin Suwizalan har da yawa suka rufe. Su mutanen Suwizalan ɗin ma, a yankin duwatsun Jura inda Audemars Piguet ta tashi a 1875, manoma ne da in sanyi ya rufe su ƙanƙara ta hana zuwa gona suke zama bakin taga suna yin ƙananan kayan agogo a gida, kaman yadda namu ke kama ɗinkin hula da rani. Rolex kanta a Landan aka fara ta a 1905, kuma Hans Wilsdorf a lokacin ba ya ƙera inji, daga Suwizalan yake sayowa ya sa a jikin da wasu suka ƙera, wato haɗawa yake yi, sai daga baya ya koma Jeniba. To yaron da ya sayi inji a wurina ya ƙera mishi jiki da hannunshi me ya yi na abun kunya?

Yanzu bara in zo kan kashi na ukun nan. Su ba sa zagin yaron, yabonshi ma suke yi, amma yabo mai guba. Wani mai saida agoguna da gilasai ya ga aikin, maimakon ya ce Allah Ya yi albarka sai ya ja shi gefe ya ce mishi ai kai kuɗi ne a zaune, bar wannan gwangwanin, zan kawo maka jiki da sarƙa 'yan Chana da fuska wadda ba rubutu, kai dai ka iya buga kambin nan na tambarin Rolex da sunan da Swiss Made a ƙasa, mu sa a kwali mai kyau, akwai masu saye. Yaron ya zo yana ba ni labari da murnarshi shi a ganinshi ya samu aiki. Raina ya ɓaci sosai ranar, sabida na san ƙarshen wannan hanyar, ina ganinta a kan teburina.

Ana kawo min irin waɗannan agogunan. Mutum zai zo da fara'arshi, wani ma ango ne ko wanda aka ba kyauta ko wanda aka ba jingina ya ba da kuɗi masu yawa, ya ce Malam duba min Rolex ɗina ya tsaya. Tun kafin in buɗe na gane. Na ainihi ba batir a cikinshi, sifirin ne ke tuƙa shi kuma motsin hannunka ke murɗa sifirin, ɗan wilin cikinshi na bugawa sau 28,800 a awa, wato sau 8 a sakan ɗaya, shi ya sa hannun sakan ɗinshi yake tafiya sumul kaman yana zamewa, in ka cire wasu 'yan kaɗan masu batir da suka taɓa yi da ake kira Oysterquartz. Na batir kuwa dutsen cikinshi na kaɗawa sau 32,768 a sakan amma hannun tsalle ɗaya yake yi duk sakan, cak, cak, cak. Ga nauyi, na gaske in ka ɗauka za ka ji ƙarfe a hannunka. Ga lambar kwanan wata da ba ta cika gilashin ba. Akwai jabun da suka fi haka wayo masu inji mai tafiya sumul, su sai an buɗe baya. In na buɗe na nuna wa mutum ɗan inji ƙarami zaune cikin farar roba da batir 377, ka ga yadda fuskarshi ke canzawa, wani ya yi shiru wani ya hau salati, wallahi abun ba daɗin gani, sabon Submariner a shagon kamfani kuɗinshi na kai wa wajen dala 10,000, ko kashi kaɗan na wannan aka karɓa a hannun mutum da sunan ya samu banza an cuce shi.

Wannan algus ne, ba wani suna da za a canza mishi. Hadisin nan na cikin Sahihu Muslim kowa ya san shi, Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai saida abinci ya sa hannu a cikin tarin ya ji danshi a ƙasa an rufe da busasshe a sama, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Dokar ƙasa ma ta hana, akwai Merchandise Marks Act da ta mai da buga tambarin wani kamfani a kan kayan sayarwa laifi, kuma ranar da za a zo kame mai shagon zai ce shi ma sarowa ya yi, yaron da fentin ke hannunshi shi za a tafi da shi. Na san wani zai ce ai kowa ya san na dubu biyar ba orijina ba ne, mai saye ya sani mai sayarwa ya sani, wa aka cuta? To na farko dai agogo ba ya zama a hannu ɗaya, wanda ya saya da saninshi gobe zai iya sayar wa wanda bai sani ba. Na biyu kuma, wanda ya fi damuna, shi yaron ne aka cuta, an ɗauke shi daga mai ƙirƙira an mai da shi mai ɓoye hannunshi, duk ranar da ya ƙware to ƙwarewar ta tafi ga sunan wani Bature da bai san da zamanshi ba, shi kuma ba zai taɓa iya bugun ƙirji ya ce ni na yi ba. Kama da wane ai ba ta wane. A ƙarni na 18 lokacin da agogon Ingila ke tashe an yi ta ƙera agoguna masu araha a yankin Suwizalan ana rubuta Landan a jiki, yau ba wanda ya san sunan mafi yawan waɗanda suka yi su, waɗanda aka sani su ne waɗanda suka sa sunansu suka tsaya a kai.

Sabida haka abun da na ce wa yaron, kuma shi nake so iyaye da malamai su riƙa faɗa wa irinshi, ka kwaikwayi siffa iya son ranka don hannunka ya faɗa, ka auna, ka raba, ka goge, wanda ka riga ka yi mai kambi ka ajiye shi a gida ko ka kai baje kolin makaranta ka faɗa da bakinka cewa na gwangwani ne ni na yi, ba laifi. Amma duk wanda zai fita kasuwa to a cire kambin, a cire sunan, a rubuta naka, a ƙasa inda suke rubuta Swiss Made kai ka rubuta Zariya. Su ma mutanen Suwizalan wannan rubutun ba haka kawai suke yinshi ba, tun 2017 dokarsu ta ce sai aƙalla kashi 60 cikin 100 na kuɗin haɗa agogon a ƙasarsu aka kashe kafin a yarda ka rubuta, ka ga yadda suke kishin sunan ƙasarsu.

Kuma me muka rasa da za mu sa a fuskar agogo? Ga dagi, ga zanen aska, ga adon da ke jikin ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau, ga bakan gizon cikin tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun wajen shekarun 1830 wanda masana gini har yau suke zuwa kallo. Ga lambobin Larabci da kowane ɗan makarantar allo ya iya rubutawa da kyau, Rolex da kanta tana yin masu irin wannan lambobin don kasuwar ƙasashen Larabawa kuma rububinsu ake yi. Madauri kuwa me zai sa yaro ya kwana yana naɗe gwangwani alhali ga dukawa a gari, ga jar fatar akuya da aka san ƙasar Hausa da ita tun zamanin fataken sahara, baduku zai yanka maka madauri mai milimita 20 ya yi mishi ɗinki da ado ya fi na kanti kyau da ƙarko. Wani abun ma, da yawa daga manyan agogunan nan zinare ne zalla, Day-Date na Rolex tun fitowarshi a 1956 da zinare ko filatinam kawai ake yinshi, mu kuwa namiji Musulmi an hana shi sa zinare, to ka ga na ƙarfe da fata shi ya fi dacewa da mu tun asali. Kuma kar a raina zane, agogon Royal Oak na Audemars Piguet mai kusurwa takwas na 1972 da Nautilus na Patek Philippe na 1976 duk mutum ɗaya ne ya zana su, Gerald Genta, kuma da farin ƙarfe aka fara yinsu ba zinare ba, siffar ce ta sa har yau ake layi a kansu.

Garin nan ba garin da za a ce an rasa inda za a kai irin yaran nan ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello na nan tun 1962 da sashen zane-zane da na fasalin kayan masana'antu da na injiniya, a nan Zariya ne su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suna ɗalibai a 1958 suka haɗa ƙungiya suka ce za su koyi dabarar Turawa amma su zana abun gida, kuma duniya ta san su a kan haka. Ga cibiyar binciken fata NILEST a Samaru, ga Kwalejin Nuhu Bamalli. Roƙona gare su shi ne ko lokacin dogon hutu ne a buɗe wa yaran sakandare masu irin wannan baiwar ƙofar wokshof, su ga injin da ke yanka ƙarfe da idonsu, a nuna musu yadda ake auna abu da ma'aunin da ya fi rula, ɗalibin da ke neman aikin kammala karatu ya haɗa kai da su. Masu zubin tukwanen alminiyam su ma za su iya zuba musu jikin agogo in an yi musu samfur, maƙeran farfaru su gyara. Ba sai an jira gwamnati ta ware biliyoyi ba, haɗa mutane ne kawai, kuma masu unguwanni da sarakunan sana'a sun san kowa da inda yake zaune.

Iyaye kuma don Allah a sa ido ba tare da an hana ba. Reza da bakin gwangwani na yanka sosai, sufa gulu na manne yatsa kuma in ya shiga ido matsala ce babba, sai uwa uba ƙananan batiran nan masu kama da maɓalli, in ƙaramin yaro ya haɗiye yana iya ƙona mishi maƙogwaro cikin 'yan awanni, asibiti ake gudu da shi nan take ba a jira. A ba yaro gwangwani mai murfi ya riƙa kulle kayanshi, a ce mishi sai ya gama aikin makaranta da na Islamiyya, amma kar a kwashe kayan a watsar a bola ana ce mishi ɗan bola jari, na ga wanda aka yi wa haka kuma bai ƙara taɓawa ba.

'Yan uwana masu gyaran agogo na Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru da cikin gari, kowannenmu na da gwangwani cike da matattun injina da gilasai da hannuwa da filoli waɗanda mun san ba mai zuwa karɓa, in yaro ya zo tambaya kar a kore shi, a ba shi a kuma nuna mishi yadda ake riƙe hantsaki. Haka masu karatu, duk wanda ke da mataccen agogo a durowa ya kai wa mai gyara na kusa da shi ya ce a cire batirin a ba yaran da ke koyo. Kai kuma Malam Edita ina roƙon ka turo wakilinku na Zariya ya zagaya ya ga aikin yaran nan da idonshi, in zai ɗauki hoto ya nemi izinin iyayensu tukunna, kuma ya ɗauki waɗanda ke da sunan mai su a fuska.

Na gode da wannan fili da aka ba ni, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka, Ya shirya mana zuri'a.

Wassalam,
Naku mai karatu a kullum,
Mai gyaran agogo, Sabon Gari, Zariya.